Na San Ta, Ba Ta San Ni Ba: Abotar Marubuci da Mai Karatu

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ga mutanen Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta da Makoɗa, da na Minjibir da Gezawa da Ungogo, da na Bagwai da Tsanyawa da Kunchi. Wanda ke gona ya rataye rediyo a reshen ɗorawa, sannu da aiki. Iyayenmu mata da ke tsakar gida, masu surfe da masu tuyar ƙuli, sannunku da hidima.

Yau za mu taɓa wata irin abota da ta cika gidajenmu, amma ba a cika zama a tattauna ta ba. Ita ce abotar marubucin da ya yi suna da mai karatun da littattafansa suka tafi da shi. Ɗaya ya san ɗaya ciki da waje, ɗayan kuwa ko a hanya suka yi kiciɓis ba zai waiga ba. Duk da haka ana gaisawa, ana aika saƙo, ana kai tsaraba, wani lokaci har asirin ciki ake buɗewa. Ina amfaninta, ina take cutarwa, kuma wane haƙƙi ne ya hau kan kowane ɓangare? Ku gyara zama.

(Ɗan kiɗa)

Mu fara da yadda marubuci ya shigo mana gida. A watan Janairun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam yana editanta, mutumin da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce suka riga suka fito da sunansa. Jaridar ta buɗe wa jama'a ƙofar wasiƙa. Malamin makaranta ko magatakardan hakimi zai zauna a garinsu ya rubuta wa edita, sannan ya zuba ido ya ga ko sunansa zai fito. Tun daga nan mai karatun boko ya ɗanɗani daɗin a ce marubuci ya ambace shi.

Amma abin bai ratsa ɗakunan mata sosai ba sai daga shekarun 1980. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed. Ba a jima ba marubuta a Kano suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, ta biyo da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya zo da In Da So Da Ƙauna a 1991, labarin Sumayya 'yar masu hali da Muhammad ɗan talakawa. Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa, ta shiga zukatan mata har suka daina kiran cikakken sunanta, sai dai Anti Bilki.

Littattafan ƙanana ne, masu araha, kashi-kashi: na ɗaya, na biyu, na uku. 'Yan tireda su saro daga birni, su baza su ranar kasuwa kusa da man shafawa da ɗan kunne. A ƙasa irin tamu kuwa, inda gona ke jingine da gona, gida yana hango gida, littafi ba ya kwana biyu a hannu ɗaya. Yarinyar da ke kai tallar ƙosai ita ce ke fita da shi a ƙarƙashin faranti, ta miƙa wa amaryar gidan gaba, ta karɓo na biyu a gidan baya. Kafin ya dawo wa mai shi bango ya rabu da jiki, an ɗinke shi da zare da allura, shafin ƙarshe ya sha manja. Wadda ba ta iya karatu ba a karanta mata. Wadda ta gaji da jiran mai karanta mata ta shiga ajin yaƙi da jahilci. Ita kanta Hajiya Balaraba an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana yarinya ƙarama, daga baya ta koma karatu ta hanyar ilimin manya, wanda Jihar Kano ta kafa wa hukuma a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi.

A shafin farko ko na ƙarshe marubuci zai sa adireshinsa, ya jera sunayen waɗanda suka rubuto masa, ya yi musu fatan alheri. Da wayar salula ta shigo a 2001 sai lambar waya ta gaji akwatin gidan waya. Yau littafin ma ya koma cikin wayar, a Wattpad da Facebook da zaurukan WhatsApp, inda marubuciya ke sakin labari shafi-shafi, masu karatu suna tofa albarkacin bakinsu nan take, wani labarin kuma sai an biya kuɗi a shigar da ke zauren. Ga mu nan 'yan rediyo muna karanta wasu da dare. Nisan da ke tsakanin marubuci da mai karatu a da tafiyar wasiƙa ce ta makonni. Yanzu latsa waya ce kawai. Sai dai kusancin waya bai sa an san juna ba.

(Ɗan kiɗa)

Ku kawo a ranku wata matar aure a wani ƙauye tsakanin Bichi da Dambatta. Irinta suna da yawa, ba sai an kama suna ba. Tun tana 'yar firamare take bin littattafan wata marubuciya. Ta san sunayen 'ya'yanta, ta san shekarar da ta sauke farali, ta san ranar da mahaifinta ya rasu, har ta yi masa sadakar waina. Wayarta sai an kai caji shagon bakin titi, data kuwa daga ribar ƙuli take saye. Rannan ta yi ta maza ta tura saƙo: "Anti, Allah ya ƙara basira. Wallahi kamar kin leƙo ɗakina kika rubuta." Bayan kwana biyu amsa ta zo: "Amin 'yar'uwa, na gode, ana tare." Ta karanta, ta sake karantawa, ta nuna wa abokiyar zamanta, ta nuna wa ƙanwar mijinta.

Da kaka ta yi, an shigo da amfanin gona, ta roƙi maigidan ya bar ta ta je birni. Ta auna gero tiya biyu, ta soya ƙuli, ta ƙulle daddawa, ta ɗura man shanu a kwalba. Ta tari mota a bakin titi, ta wuce Dawanau, ta sauka a Kano, ta yi ta tambaya har ta kai ƙofar gidan. Aka yi mata iso. A falo ta tarar da mutane a gabanta: ɗaliban jami'a masu binciken digiri, wani ɗan fim da ya zo cinikin labari, da mata uku irinta, kowacce da ledarta a gefe. Marubuciyar ta fito da waya a kunne, ta yi murmushi ta ce, "Sannu da zuwa, daga ina?" Baiwar Allah ta faɗi sunanta da na garinsu, tana jiran ta ga fuska ta sauya. "Allah sarki, sannu da hanya. A kawo mata ruwa." Aka karɓi tsaraba da godiya, aka ɗauki hoto, aka ba ta sabon littafi da kuɗin mota. A hanyar dawowa magana ɗaya ke yi mata yawo a rai: ashe ba ta gane ni ba.

Jama'a, an wulaƙanta ta? Ko kusa. An karrama ta daidai yadda ake karrama baƙo. Abin da ya yi mata ciwo shi ne ita ba a matsayin baƙuwa ta je ba. Ta je ne a matsayin ƙanwa.

Yanzu mu tsaya a gefen marubuciyar. Kullum ta wayi gari wayarta cunkushe take. Wannan mijinta ya sake ta tana neman shawara, wannan kuɗin makarantar ɗa take roƙo, wannan tana zagi don an kashe mata tauraron labari, wannan kuma ƙarfe biyun dare ta kira don kawai ta ji murya. Ita ma tana da miji da 'ya'ya da surukai, wataƙila da aikin ofis, da bashin maɗaba'a a kanta, domin a rubutun Hausa suna ya kan fi aljihu nauyi. Wannan "ana tare" da aka adana a ƙauye kamar zinariya, ta rubuta wa mutane da yawa irinta a wannan safiyar, kuma ba da yaudara ba.

Halin marubuci kamar na limamin Idi ne. Duk wanda ke filin ya ga rawaninsa, ya ji muryarsa, ya koma gida yana cewa huɗubar yau da ni ake. Shi kuwa liman bai san wanda ke sahu na ashirin ba.

Masana sun daɗe da lura da wannan. A 1956 wasu masana biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, suka yi rubutu a kan yadda mai sauraron rediyo da mai kallon talabijin ke jin ya shaƙu da mai gabatarwa kamar aminin da ya daɗe da sani, alhali shaƙuwar daga gefe ɗaya take. Har da irin wannan da ke yi muku magana yanzu, don kada ku ce na ware kaina. Wani masanin kuma ɗan Ingila, Robin Dunbar, ya ƙiyasta cewa mutanen da ɗan Adam zai iya riƙe zumunci na sosai da su ba su wuce kimanin 150 ba. Wanda dubbai ke ƙauna, ko ya so, zuciyarsa ba ta da masaukinsu duka.

To me ya sa mai karatu ke rantsuwa cewa an leƙo ɗakinta? Saboda marubucin ƙwarai ciwon da ya game gari yake taɓawa. Rabi ta cikin Alhaki Kuykuyo Ne, wadda miji ya kora da 'ya'ya tara ta koma sayar da abinci, akwai irinta a kowace unguwa. Abu ta cikin Wa Zai Auri Jahila?, wadda aka cire daga makaranta aka aurar wa dattijo, akwai irinta a kowane ƙauye. An fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci an buga shi a Indiya a 2012, mutanen da ba su taɓa jin sunan Kurna ko Fagge ba suka karanta suka fahimci kukan Rabi. Marubuciyar ta san ciwonki tun kafin ta ji sunanki, kuma wannan baiwa ce babba. Amma sanin ciwo daban, sanin mai ciwo daban.

(Ɗan kiɗa)

Wani zai ce, to in marubucin ya jawo mai karatun jikinsa fa, ai an huta. Bari mu leƙa ƙasar Jamus, shekara ɗari biyu da suka wuce, mu ga yadda ta kaya.

Babban marubucinsu shi ne Goethe, haifaffen 1749. Akwai kuma wani ɗan ƙauye, Johann Peter Eckermann, haifaffen 1792, ɗan talakawa tilis. Ubansa ɗan koli ne mai bin ƙauyuka da kaya a baya, shi kuma yaron da kiwon shanu da ɗiban itace ya tashi, karatu sai a tsittsinke. Da ya girma waƙoƙin Goethe suka faɗo hannunsa, suka yi awon gaba da shi. Ya rubuta littafin sharhi yana yabon gwaninsa, ya aika masa, sannan a watan Yunin 1823 ya taka da ƙafa har birnin Weimar don ya gan shi ido da ido. Yana da shekara 30, Goethe yana da 73.

Dattijon ya karɓe shi hannu bibbiyu, domin ya ga abin da yake nema: mutum mai haƙuri, mai tsari, marar musu. Ya ce ya zauna. Eckermann ya zauna shekara tara yana tattara tsofaffin takardu, yana shirya su don bugawa, yana ƙarfafa wa dattijon gwiwa ya kammala kashi na biyu na babban aikinsa mai suna Faust. Yana cin abinci a teburin maigida, yana zama cikin manyan baƙi, har an samo masa digirin dakta daga jami'ar Jena a 1825. Abin da babu shi ne albashi. Da koyar da Turawan Ingila Jamusanci yake rufa wa kansa asiri. Da wata mujallar Ingila ta yi masa tayin rubutu na kuɗi, Goethe ya ba shi shawarar ya ƙi, ya kuwa ƙi. Yarinyar da aka yi musu baiko tun 1819 ba a ɗaura aurensu ba sai 1831, saboda babu abin riƙe ta, kuma ta rasu a 1834. Goethe ya rasu a 1832. A 1836 Eckermann ya fitar da littafin hirarrakin da suka yi, ya ƙara kashi na uku a 1848. Har yau duniya tana karanta shi, amma don ta ji maganar Goethe. Wanda ya rubuta shi ya rasu a 1854 cikin talauci.

Ba wanda ya ɗaure shi, ƙauna ce ta zaunar da shi. Ya ƙaru da ilimi, sunansa ya shiga tarihi. Sai dai duk lokacin da buƙatarsa ta yi karo da ta maigida, tasa ce ke ja da baya, kuma babu wani na uku da zai ce wa babba, ranka ya daɗe, yaron nan fa yana da haƙƙi.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, a nan ne nake so mu yi tunani tare. Abota tsakanin babba da ƙarami ba baƙon abu ba ce a ƙasar Hausa. Mun fi kowa saninta. Tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna a Giwa da wata tsohuwa mai suna Baba, mutuniyar Karo ta ƙasar Kano, ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, littafin ya fito a 1954. A ciki an bambance ƙawance, wanda ake ƙullawa tsakanin tsara da tsara, da zumuncin yaya da ƙanwar rana, inda babba ke ɗaukar ƙarama. Ku tambayi kakanninku yadda ake yi. Ƙanwa ta yi aike, ta taya daka, ta tsaya a kan tukunya ranar biki. Yaya kuma ta ba ta zane, ta tsawata mata, ta tsaya mata ranar aure da ranar haihuwa. Haka uwar ɗaki da 'yar ɗakinta. Haka ubangida da yaronsa: yaro ya yi shekaru yana tsare rumfa a Dawanau ko yana bin shanu zuwa kasuwar Lahadi ta Dambatta, ubangida kuma ya yi masa aure, ya yanka masa jari.

Duk waɗannan babu daidaito a cikinsu, amma suna tsaye a kan ƙafa uku. An ƙulla su da sanin jama'a. Kowa ya san ƙofar gidan kowa. In wani ya gaza, gari zai yi magana, kunya ta dawo da shi hanya. Abotar marubuci da mai karatu ta ari sunayen wancan zumuncin, Anti, Mama, ƙanwata, 'yata, ɗan gidana, amma ba ta ɗauko ƙa'idojinsa ba. Mai karatu ta ji an ce mata 'yata, sai ta ɗora ran samun abin da 'ya ke samu. Marubuciya kuwa gaisuwa ta yi. Daga wannan giɓin yawancin ɓacin rai ke fitowa, har da cutarwa.

Ga asiri. Mace ta zazzage wa marubuci cikinta, abin da ko mahaifiyarta ba ta sani ba. Bayan wata shida ta gan shi a labari, an sauya suna amma ba a sauya unguwa da sana'ar miji ba. A birni wataƙila ya ɓace cikin taro. A ƙauyen da kowa ya san akuyar kowa, kafin la'asar an gano mai shi.

Ga shawarar aure. Wanda ya ji daga baki ɗaya, ta waya, bai san miji ba, bai san waliyyi ba, bai san abin da ya faru bara ba, ya ce ki yi yaji ko ki haƙura. Ko wanne ya faɗa, ba shi zai kwana a ɗakin ba.

Ga kuɗi. Akwai mai karatun da ke ɗaukar marubuci asusun taimako, akwai kuma 'yan damfara da ke buɗe shafi da sunan marubuciya da hotonta, su ce tana kwance a asibiti, masoya su kawo ɗauki. Mai ƙauna ba ta bincike, sai ta sayar da kazarta ta tura.

Ga hidimar da ba ta da lada. Yarinya tana kula da zauren marubuciya dare da rana, tana tace rubutu, tana tallata sabon labari, tana faɗa da masoyan wata marubuciyar har ana zage-zage, da datarta da lokacin karatunta. Shekara uku babu ko sunanta a shafin godiya. Eckermann ke nan a cikin wayar salula.

Ga kuma wanda ya fi duka haɗari, namiji mai suna da budurwa mai karatu. Ta ɗauka mai iya tsara kalaman soyayya a takarda haka zuciyarsa take. Mafi yawan marubutanmu mutanen kirki ne masu tsare mutuncinsu. Amma duk inda aka sami mai ɗaukaka da mai kallonsa da ƙauna, ɓata-gari zai nemi ya raɓa, wani ma ba marubucin ba ne, rigarsa ya ara.

Kada mu manta mai karatu ma yana cutarwa. Littafin da aka ce na kuɗi ne, ki saya ki watsa shi kyauta a zauruka goma, sannan ki ce ke masoyiya ce. Ko a yi jinkirin amsa miki saƙo, ƙaunar jiya ta koma zagi, ki bi gari kina cewa ai girman kai gare ta.

(Ɗan kiɗa)

To mene ne abin yi? Tunda al'ada ba ta gadar mana da ƙa'idar wannan sabon zumunci ba, mu za mu shimfiɗa ta.

Ƙannena masu karatu, mata da maza. Ku so marubuci don abin da ya ba ku, ya kuwa ba ku da yawa: ya ɗebe muku kewa, ya sa wasunku sun iya karatu, ya faɗi abin da kuka kasa faɗa. In kun sayi littafi kun yi masa addu'a, kun biya, ba ya bin ku bashin sirrinku, ku ma ba kwa bin sa bashin aminci. In ya amsa saƙo, alheri ne. In bai amsa ba, ku yi masa uzuri. Abin da ba za ku so a ji a bakin rijiya ba, kada ku tura wa wanda ba ku taɓa zama da shi ba. Kada ku tura kuɗi sai kun ji muryar mai shi ko kun tabbatar ta hanyar wanda ya san shi. Matsalar aure a kai ta gaban iyaye da waliyyai da malamai, in ta faskara ga Hisba ga kotu. Ta lafiya kuma a kai asibiti. In marubuci ya ɗora muku aiki na kullum, ku tambayi sharaɗi tun farko, babu rashin kunya a ciki.

Marubutanmu, Allah ya ƙara basira, ku ne manya a wannan zumunci, don haka kaso mafi nauyi naku ne. Mutanen nan su suka riƙe ku lokacin da ake kiran rubutunku adabin kasuwa, su suka riƙe ku a 2007 lokacin da aka ƙona littattafai a bainar jama'a a Kano. Ku auna kalma kafin ku sake ta, domin 'yata a bakinku gaisuwa ce, a kunnen wata alkawari ce. Labarin da aka ba ku amana kada ya shiga littafi sai da izini, in an ba da izinin ma a ɓatar da sawu sosai. Wanda ya kawo matsalar da ta fi ƙarfinku, ku ce ta fi ƙarfinku, ku nuna masa inda zai je. Wanda ya yi muku hidima ku biya shi, ko ku koya masa sana'ar har ya tsaya da ƙafarsa, kamar yadda ubangidan kirki ke sallamar yaronsa.

Iyaye da magidanta, ƙwace waya da yaga littafi ba su taɓa hana karatu ba, sai dai su mai da shi ɓoye. Ku tambayi 'yarku me take karantawa, wa take magana da shi. Maigida, in ka dawo daga gona ka ci tuwo, ka ce a karanta maka shafi biyu. Za ka ji abin da ke ran iyalinka wanda ba a iya faɗa maka kai tsaye ba.

Sannan abu biyu da wannan ƙauna za ta iya haifarwa in an juya ta da kyau. Na farko, mai karatu ya zama marubuci. Yawancin masu rubutu a yau da karatun na gaba da su suka fara, kuma ƙofofi sun ƙaru: tun 2016 sashen Hausa na BBC ke shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai don mata. Labarin matar da ke noman rani a bakin madatsar Watari, ko na masaƙan Minjibir, ko na yaron da ya tafi ci-rani bai dawo ba, wa zai rubuta shi in ba ɗan wajen ba? Na biyu, masu karatu su san juna. Hausawa sun ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Maƙwabciyar da kuke musayar littafi ta kan katanga, kuke gardama a kan ko Sumayya ta kyauta, ta karanta abin da kika karanta, ta ji abin da kika ji, ga shi kuma ta san sunan 'ya'yanki. Ranar da kika kwanta ciwo ita za ta dama miki kunu. Ku haɗu ku biyar ko shida, ku yi adashin sayen littafi, ku karanta tare, ku koya wa wadda ba ta iya ba. Zumunta a ƙafa take, ƙafar da za ta iya zuwa kuwa ita ce ta kusa.

Tambayarmu ta wannan mako ga dattawa da matasa ita ce: in ku aka ba shimfiɗa ƙa'ida tsakanin marubuci da masoyansa, wace za ku fara sawa? Ku tattauna a majalisa da tsakar gida, ku aiko mana da abin da kuka tsayar, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.

  

(Kiɗan rufe shiri)